ƊALIBINMU YA DAWO HUTU, A GIDAN WA ZAI SAUKA?

Maganarmu ta wannan mako a kan yaranmu ne waɗanda suka tafi neman ilmi ƙasashen waje, su ke kuwa dawowa gida hutu. Ku sani makarantun Ingila da Amurka da Rasha da sauran ƙasashen Turawa suna ba da dogon hutunsu ne daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, watau lokacin da mu nan mu ke tsakiyar damina. Akwai kuma gajeren hutu na ƙarshen shekara, wajen Kirsimeti. A waɗannan lokatai ne za ka ji an ce ɗan wane ya sauka a filin jirgin sama na Kano ko na Abuja, unguwa duk ta ɗauka.

Wani zai ce, to, ina ruwan jaridar jam'iyya da saukar ɗa a gidan ubansa? Ruwanmu babba ne. Gama yaron nan, daga ranar da ya sauka, mutum uku ke jiransa. Akwai manya masu son su janye shi ya zama nasu. Akwai dangi masu zaton buhun kuɗi ya ɗauko. Akwai kuma jama'ar da ta yi gumi har ya tafi, ita ce kuwa ba ta kan sami ko gaisuwa ba. Yadda muka sauke shi a cikin 'yan makonnin nan, shi zai nuna na wa zai zama in ya gama karatu.

KUƊIN WA YA KAI SHI?

In gwamnati ce ta tura shi, ku tuna gwamnati ba ta da gona, ba ta da rumfa a kasuwa. Duk kwabon da ke cikin baitulmali daga jikin jama'a ya fito. Gaskiya ne an soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, sa'ad da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulki a ƙarƙashin PRP. Amma kada wani ya ruɗe ku ya ce talaka ya daina biya. Mai tebur yana yankar tikiti, mai rumfa yana biyan kuɗin rumfa, mai mota yana biya a tasha, yana biya a shinge. A watan Fabrairu na 2020 aka ƙara harajin saye da sayarwa ya kai naira 7 da kwabo 50 a kan kowace naira 100, yana kuwa ɓoye a cikin kayan kanti da katin waya, ka biya ba ka sani ba. Man fetur da a ke haƙowa kuma ba gadon gidan kowa ba ne, dukiyar ƙasa ce.

In iyaye ne suka tura shi, mun san yadda a ke yi. An sayar da gona, an sayar da bijimi, uwa ta kwashe adashinta, yaya ya rage jarinsa na Kantin Kwari. In kuwa wata ƙasa ce ta ba shi karatun kyauta, to wa ya koya masa baƙi da wasali tun farko? Malamin firamare ne wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, da malamin allo, da maƙwabciyar da ta riƙa ba shi ɗumame kafin ya tafi makaranta.

Saboda haka ta kowace hanya ya tafi, da bashin jama'a a wuyansa. Hausawa kuwa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

BA BUHUN KUƊI YA ƊAUKO BA

Amma fa bashin nan ba da turare ko agogo ko wayar hannu za a biya shi ba. A nan ne mu ke jan kunnen dangi. Yaro bai ko ajiye akwati ba, an cika zaure, kowa yana cewa ina tsarabata. Haba jama'a! Kun san halin da ɗalibi ke ciki a can?

Kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Watau uban da ke aika wa ɗansa abin da zai ishe shi wata guda, ya wayi gari kuɗin nan ba su kai shi kwana goma ba. A shekarar 2024 har akwai ɗaliban Nijeriya a Ingila da aka dakatar da karatunsu don sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Waɗanda gwamnatin tarayya ta tura bisa yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangare, sun yi wata da watanni suna kukan ba a biya su guzurinsu ba, sa'an nan a 2024 aka rage guzurin daga dala 500 a wata zuwa 220, kana a 2025 aka ba da sanarwar daina shirin. Ɗan wa ya kwana da yunwa a cikin sanyi? Ba ɗan minista ba ne.

Ku tuna kuma da waɗanda ba hutu ne ya dawo da su ba, yaƙi ne. A watan Fabrairu na 2022 yaranmu da ke Yukiren sun yi ta tafiya a cikin ƙanƙara suna neman iyakar Folan da Romaniya da Hangare. A ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, inda 'ya'yan Arewa da yawa ke karatu, aka kwashe su a motoci ta cikin hamada, suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a fara kawo su gida a watan Mayu. Irin wannan yaro ne za ka tare da maganar tsaraba?

Mu dai ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya zo gaishe da ɗalibi ya zo da nasa abin hannu, ko da ƙwaryar fura ce, kada ya zo da buɗaɗɗen hannu.

YADDA ZA A SAUKE SHI

Sa'an nan muna jan kunnen iyaye su ma. Kada ku ci bashi don a ce kun yi bajinta. Hutun nan yana faɗowa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a Dawanau, sabon amfani bai iso ba, ga kuɗin taki, ga kuɗin 'yan ƙwadago. Mun ga gidajen da aka yanka rago, aka ɗauko hayar kujeru da rumfa, aka sayi lemon kwalba katon-katon, yaro ya koma, mai gida ya shiga ɓuyar masu bashi har kaka. Wannan ba karamci ba ne, wauta ce. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abin da yaron nan ya yi wata tara yana mafarki, ba shinkafar biki ba ce. Tuwon dawa ne da miyar kuka wadda uwarsa ta kaɗa da daddawa, da kunun tsamiya, da ɗanwake, da fura da nono. Ku ba shi waɗannan, ku ga yadda zai sa hannu.

Abu biyu ne kaɗai ya kamata ku kashe wa kuɗi. Na farko gidan sauro. Likitoci sun tabbatar wanda ya daɗe a ƙasar da babu zazzaɓin cizon sauro, ƙarfin jikinsa na jure cutar yana raguwa, ga shi kuwa ya dawo a cikin damina, lokacin da sauro ya fi yawa. In jikinsa ya yi zafi, kada a ce gajiyar hanya ce, a kai shi a gwada jini. Na biyu ruwan sha mai tsabta, a tafasa in ba a amince da rijiyar ba. Kada kowa ya ce yaro ya zama Bature don ya nemi tafasasshen ruwa. Mu ma da ba mu je ko'ina ba, ruwan nan yana kwantar da mu.

Bayan kwana uku baƙunci ya ƙare. Ya ɗauki fartanya ya bi ubansa gona, ko ya zauna rumfa ya auna wa masu saye. Ya zaga ya gaishe da gwaggo da kawu da inna, ya yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ya nan, ya durƙusa inda a ke durƙusawa. Amma ku ma kada ku yi masa dariya in harshensa ya karkace, ko in ya manta wata kalma. Yaron da aka yi wa ba'a a zauren ubansa, gobe zai nemi zauren da a ke yi masa tafi. Mun kuwa san ko zauren wa ke nan.

KIRAN MANYA

Gama ba a kwana biyu sai ka ga doguwar mota ta tsaya a bakin lungu, an ce Mai Girma yana son ganin yaro. A kai shi unguwar manya, a ba shi kujera mai laushi, a ɗauki hoto, a sa masa ambulan a aljihu, a ce in ya gama akwai kujera tana jiransa. Washegari hoton ya bazu, an ce ga amfanin mulkinmu. Mutanen da suka bar shi da yunwa a cikin sanyi, su ne yau ke neman ya gode musu.

Ba mu ce kada ya amsa kira ba. Ladabi ne amsa kiran babba. Abin da mu ke cewa, ya san kyautar mai mulki ba ta tafiya ita kaɗai, da igiya a bayanta.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu zuwa wuri guda. Makaranta ɗaya suka shiga, amma hanya biyu suka ɗauka. Ɗaya ya shiga gwamnati har ya zama Firayim Minista a 1957, Allah Ya jiƙansa. Ɗayan kuwa da ya dawo ya tattara malaman makaranta suka kafa ƙungiyarsu ta Arewa a 1948, sa'an nan a 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano, ya ajiye aikin malanta a Maru ya koma cikin talakawa, ya zauna tare da su a Gwammaja har ya rasu a 1983. Abin da Malam ya gano a Ingila bai kulle shi a akwati ba. Ya gani da idonsa ma'aikata sun kafa gwamnati da ƙuri'arsu, ya dawo ya faɗa wa mahauta da maɗinka da 'yan koli cewa su ma mutane ne. Wannan ita ce tsaraba.

KU TAMBAYE SHI

To ita mu ke so ku nema. Magabata sun ce tafiya mabuɗin ilmi, har Abubakar Imam ya sa wa littafin da ya rubuta bayan tafiyarsa Ingila a 1943 wannan suna. Amma mabuɗin da ya kwana a aljihu bai buɗe ƙofar kowa ba. Muna roƙon kowane reshe, in ɗalibi ya dawo a unguwarku, ku shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ku kira shi, ku kira 'yan kasuwa, ku yi masa tambayoyi. Kada ku ɓata lokaci a kan tsawon benaye da sanyin ƙanƙara. Ga irin tambayoyin da ke da amfani:

In mai kanti ya biya haraji a can, ana ba shi takardar shaida, ko kuwa a aljihun mai karɓa kuɗin ke kwana?

In ɗan sanda ya kama mutum, kwana nawa zai iya riƙe shi kafin ya kai shi gaban alƙali?

Ran zaɓe, wa ke ƙirga ƙuri'a, a gaban wa kuma a ke ƙirgawa?

Ɗan leburan can da ɗan minista, aji ɗaya su ke zama?

In mace ta tashi haihuwa da dare, me mijinta zai biya kafin a taɓa ta?

Manomin can, wa ke sayen amfaninsa, wa ke yanka farashi?

Ku kuma tambaye shi abin da ya gani marar kyau, gama ba a rasawa. Ya faɗa muku yadda tsofaffi ke zaman kaɗaici, da yadda a ke kallon baƙar fata a wasu wurare, da masu kwana a bakin titi a ƙasar masu arziki. Ba mu tura shi don ya dawo yana raina gida ba, ba mu kuma tura shi don ya dawo yana cewa kome namu daidai ne ba. Mun tura shi ya auna, ya zo ya faɗi gaskiya.

Amma ga gargaɗi. Kada wani ya matsa masa ya yanki katin jam'iyya, ko ya hau dandamali ya zagi wani. Guzurinsa yana hannun waɗanda ba su da kunyar yanke shi. Mu labari mu ke so, ba mu so mu jawo wa ɗan talaka asarar karatunsa don mu sami tafi na yini ɗaya.

IN YA ZO DA BAƘO

Wani lokaci yaro ya kan zo da abokin karatunsa, ko da ɗan gidan da ya sauke shi a can. Akwai shirin musayar ɗalibai da majalisar Amurka ta kafa a 2002, wanda ya riƙa ɗaukar yaran sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi, har da Nijeriya, su je su yi shekarar karatu guda a gidan wani iyali, su ci abin da gidan ke ci. Yaran Arewa da dama sun je. To mutumin da ya riƙe maka ɗa wata goma, in nasa ɗan ya zo ƙofarka, ai ka san abin da ya wajaba. Baƙonka annabinka.

Sai dai kada ku kai shi otal don kunyar gidan ƙasa. Ku sauke shi a ɗakin da kuka fi amincewa da shi, ku rataya masa gidan sauro, ku rage yaji a miya. Ku kai shi Kurmi, ku kai shi marinar Ƙofar Mata, ku hau da shi Dala. Sa'an nan ku bi da shi ta makarantar unguwa wadda rufinta ya yaye, da famfon da ya shekara ba ɗigon ruwa. Manya in sun yi baƙo, titi ɗaya su ke nuna masa. Mu ba mu da abin ɓoyewa, gama ba mu muka ci kuɗin rufin ba. Ku kuma kula da lafiyarsa a hanya, kada a yi tafiyar dare da shi, amana ce.

Ku faɗa masa kuma ba yau muka fara fita neman ilmi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu. Malam Muhammadu na Katsina, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Malam Abubakar Gumi ya yi karatu a Sudan a wajen 1954. Baƙo ya koma da sanin cewa gidan malamai ya sauka.

'YA'YA MATA

Duk abin da muka faɗa ya shafi 'ya mace, har da ƙari. Sau da yawa yarinya ta dawo hutu, sai a ce dama ta samu, a ɗaura aure kafin ta koma, daga nan karatun ya mutu. Ba mu ƙin aure, Allah Ya kiyaye. Amma ku da kanku ku ke kukan babu likita mace da za ta duba matanku. To daga ina za ta fito in kowane hutu ya cinye guda? In za a yi aure, a yi shi da yardarta, a kuma yi sharaɗi a gaban shaidu cewa za ta koma ta ƙarasa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri don mata su sami baki a ƙasar nan. Kada mu rufe bakin da hannunmu.

ABIN DA MU KE NEMA

Daga masu mulki kuwa abu huɗu mu ke nema, ba kuwa roƙo mu ke yi ba, hakki ne.

Na ɗaya, duk gurbin karatun waje da za a biya da kuɗin jama'a, a yi shelarsa a rediyo da Hausa, a liƙa a kasuwa, kada a raba shi a falo.

Na biyu, a zaɓa da jarrabawa, a buga sunayen waɗanda suka ci da ƙananan hukumominsu, kowa ya gani.

Na uku, wanda aka riga aka tura, a biya shi guzurinsa a kan kari har ya gama. Ba a kai yaro tsakiyar kogi a ƙwace masa gora.

Na huɗu, a gyara makarantun gida, don wanda ya tafi guda ɗaya ne, waɗanda suka rage dubbai ne, su ma 'ya'ya ne.

Ku kuma ɗalibai, ga tamu gare ku. Kun ga abin da iyayenku ba su gani ba, amma su suka ɗaga ku har kuka hango. Ku sauka a gidan ubanninku, ku ci abin da aka dafa, ku amsa tambayar mai tumatir kamar yadda za ku amsa ta farfesa. In kun gama ku dawo, akwai aiki. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya sa ilminsu ya amfani talaka. Amin. Sawaba!